Sunan 'Yar Fari a Shagon Jerome

Shekara ashirin da biyar ke nan da na haifi 'yata ta fari, kuma har zuwa watan jiya ba ta taɓa jin sunanta daga bakina ba. Kada wanda ya girgiza min kai. Ni ma 'yar fari ce, kuma har mahaifiyata ta koma ga Allah ban ji ta ce "Hannatu" ba ko sau ɗaya. In za ta kira ni sai ta ce "ke", in tana maganata da wasu ta ce "yarinyar nan". Ban mutu ba, ban kuma taɓa kwana da tunanin ba ta so na ba. Haka aka san uwa mai kunya a gidanmu na Yakasai: ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai.

Da wannan kunyar na zo Amurka, yarinyar tana goye a bayana, na kuma riƙe abata gam a garin Laurel da muke zaune duk tsawon shekarun nan. Ƙannenta suna ce mata Yaya, ni ma sai in laɓe a bayansu in ce, "Ina yayarku?" A wayata "Babba" na rubuta. In malaman makaranta suka tambaye ni sunanta, takarda nake miƙa musu. Ƙanenta Fahad kuwa ina kiran sunansa sau talatin a yini, yawanci da faɗa. Ubansu ma Baban Fahad nake ce masa, tunda ɗayan sunan ba ya fita.

Rigimar ta taso ne ranar da ta gama karatun haɗa magunguna a Baltimore. An cika wani ƙaton zaure, ana kiran ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, iyaye suna miƙewa suna ihu, wasu har da ƙaho. Yaya Sadiyya, yayar maigidana, takanas ta taso daga Kano don bikin. Da aka kira yarinyar, Yaya ta miƙe ta rangaɗa guɗa har mutanen gabanmu suka waigo. Ni kuwa na buɗe jakata ina neman abin da ban ajiye ba. Zuciyata kamar ta fashe don murna, amma fuskata ko gezau.

Da yamma baƙi suka cika gida, matan likitoci da injiniyoyin nan namu daga Fort Washington da kewaye. Yaya ta zauna a tsakiyarsu tana nuna ni da cokali.

"Kun ga Hannatu? Shekara ashirin da huɗu a ƙasar nan ba ta zubar da kunyarta ba. Aka kira 'yarta a gaban duniya, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Duk matan gidanmu babu kamarta."

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Wannan yabon shi ne abin da nake da shi a dangin mijina. Ban haifi yara goma ba, ban iya zaman biki ba, bakina kuma bai da linzami. Amma in aka zo maganar kunya, sunana ake fara kawowa.

Kwana biyu bayan haka na iske yarinyar a gareji tana liƙe kwalaye. Ta sami aiki a Seattle, can ɗaya ƙarshen ƙasar, tafiyar kusan awa shida a jirgi, kuma Lahadi za ta tashi. Tun tana shekara biyar nake mata Hausa tana mayar min da Turanci, ranar ma haka aka yi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma daina liƙe kwalin ba.

"Mama, mutum dubu biyu suka ji sunana a zauren nan. Ke kika duba jaka."

"Al'adarmu ce, kin sani."

"Na sani. Tun ina shekara goma Goggo Sadiyya ta yi min bayani a waya. Na gane, amma ban taɓa jin daɗinsa ba." Ta yanke salatif da haƙori. "Kada ku jira ni da sallah. Ba fushi nake yi ba. Na gaji ne da zuwa gidan da ake ce min ke."

Raina ya ɓaci. Na ce ta tafi Sin ma in ta ga dama. Na ce wa ya yi jinyarta lokacin da asma ta kusa ɗauke ta, wa ya koyi tuƙi a kan ƙanƙara don ya riƙa kai ta gasar lissafi, sunan ne ya yi ko ni? Na ce mutanen ƙasar nan da ke kiran 'ya'yansu zuma da sukari, ba su ne nake zuwa ina wanke wa ciwo ba, 'ya'yan ko waya ba sa bugowa? Ta bar ni na gama tas, ta ɗauki wani kwalin. Na koma kicin na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Na san 'yata. Ba ta barazana, abin da ta faɗa shi take yi, kuma na san inda ta gado wannan. In ta hau jirgin nan a haka, sallar bana ce ta farko, ba ita ce ta ƙarshe ba.

Abin da ba ta sani ba, wanda babu wanda ya sani a gidan, shi ne ina da inda nake zuwa ranar Alhamis.

Aikina jinya ne na gida-gida. Tsofaffin da aka sallamo daga asibiti nake bi, in wanke ciwo, in duba sukari, in yi faɗa da su a kan gishiri. Ranar Alhamis hanyata tana ratsa wani ɗan gari da bai fi tafiyar minti ashirin daga Laurel ba. Gari ne dai don an ce gari ne: titi ɗaya, coci biyu, gidan waya, shagon aski, sai tsohon layin dogo da ciyawa ta cinye. A jikin shagon askin akwai shagon fiza na wani dattijo mai suna Jerome da matarsa Selina. Tebur takwas ne, an shimfiɗa musu leda mai ja da fari da ta sha goga har ta koɗe, bango kuma cike da hotunan 'yan ƙwallon makarantar garin. Tsarinsu shi ne ka je kanta ka faɗi abin da kake so, Selina ta tambayi sunanka ta rubuta a 'yar takarda, ka nemi wuri ka zauna. In ta gasu, Jerome ya leƙo ta tagar kicin ya ƙwala kiran sunan da muryar da ake ji har shagon aski.

Shekara shida da suka wuce, sati ɗaya bayan mun kai yarinyar ɗakin kwanan ɗalibai, na shiga shagon don yunwa ta ci ni kuma babu wani wajen. Ko son fiza ba na yi, a ganina burodi ne da aka yi wa kwalliya. Selina ta ɗaga biro ta ce wane suna za ta rubuta. Na buɗe baki in ce Hannatu, sai sunan yarinyar ya fito. Wallahi ban shirya ba. Na waiga da sauri kamar wadda ta yi sata, babu kowa sai wasu masu gyaran titi biyu da ko kallona ba su yi ba. Selina ta ce in maimaita, na maimaita. Ta ce in sake a hankali don tana so ta iya shi daidai. Sau uku na faɗi sunan nan a rana ɗaya, bayan shekara goma sha tara yana maƙale a wuyana.

Da Jerome ya kira shi, na tashi na karɓi farantin na koma teburin lungu, ina ci ina hawaye. Selina ta zaci barkono ne, ta kawo min ruwa.

Tun daga ranar ban fasa ba, sai dai in azumi ake. Mai albasa da tattasai da naman kaza nake ci. Da Jerome ya gane ba na cin alade, sai ya ware min wuƙa daban, ya ɗaura mata jan zare ya rataye ta a ƙusa. Ni kuma ina zuwa da yajina a 'yar kwalba. Duk garin, har mai askin, da sunan 'yata suka san ni. Selina ta daɗe da haddace shi, amma ba na ɗaga mata ƙafa. In ta ɗauki biro sai na faɗa da bakina, don abin da ya kawo ni ke nan.

Ranar Juma'a na wuni ina cika ina batsewa. Asabar da safe na yanke shawara. Selina ta taɓa gaya min ranar Asabar wajen jikokinta take zuwa, wani ɗan'uwan Jerome mai suna Matthew ke tsayawa a kanta, shi kuwa bai san ni ba. Zai tambayi suna, ni kuma in faɗa, fuskata tana kallon sa, yarinyar tana bayana. Ta ji, an wuce wurin, ba sai mun haɗa ido ba. Dabarar matsorata ce, na sani, amma ita nake da ita.

Wajen azahar na ce mata, "Ke, ɗauko makulli ki kai ni wani waje."

Muna fitowa muka tarar da Yaya Sadiyya ta riga mu shiga mota, ta yi ɗaiɗai a kujerar gaba da mayafinta da carbinta. Yaya ba ta zaman gida. Ta ce shirun gidajen Amurka yana sa mata ciwon kai, don haka duk motar da ta ji an taɓa makullinta, tana ciki. Ba a ce wa yayar miji fito. Na shiga baya ina haɗiye tsaki.

Tsakanina da Yaya akwai tsohon zance. A al'ada, ita ya kamata a kai wa yarinyar bayan yaye ta riƙe, ta kuma nema. Mu kuwa muka ɗauko ta muka taho. Yaya ba ta taɓa yafe wannan ba, kuma duk sanda za ta kira sunan yarinyar sai ta ja shi, ta lanƙwasa shi, don in ji cewa ita tana da iko da shi.

Ashe labarin gareji ya kai mata. Tun kafin mu hau babban titi ta fara.

"Na ji abin da kika faɗa wa uwarki. Kunya take miki, kunya kuwa daraja ce. Ɗan da ba a damu da shi ba shi ake kira gatsal-gatsal."

"Ashe ba a damu da Fahad ba ke nan, Goggo," in ji yarinyar, idonta a kan titi.

Yaya tana tsintar Turanci kaɗan-kaɗan, wannan dai ta gane shi. Ta waigo.

"Kin ji bakin, Hannatu?"

"Na ji, Yaya. Ke, bi dama a fitilar can."

Muka wuce coci na farko, muka wuce gidan waya. Na ce ta tsaya a gaban shagon aski. Yaya ta leƙa ta gilashi ta ga hoton fiza a jikin allo, ta yamutsa fuska.

"Nan za mu ci? Ga tuwo na bari a gida. Kin tabbata ba wuƙar alade suke yanka wa mutane da ita ba?"

"Ina da wuƙata a ciki."

Sai da maganar ta fita na gane abin da na faɗa. Yarinyar ta kalle ni ta madubi, ta kashe mota.

Na tura ƙofa, 'yar ƙararrawar sama ta kaɗa, ƙamshin cuku da albasa ya tare mu. Shagon ya fi yadda na saba gani cika. Ga wasu iyali da yara sanye da rigunan ƙwallo, ga tsoho da tsohuwa suna raba faranti ɗaya, ga mai askin a tsaye da farar rigarsa yana jiran nasa. A bayan kanta kuwa ba Matthew ba ne. Selina ce, da tabaranta a goshi.

Tana ganina ta ɗaga hannu biyu ta kira ni da sunan da ta san ni da shi, da ƙarfi, da murna.

"Yau Asabar fa. Me ya faru? Matthew ne bayansa ya riƙe, shi ya sa kika gan ni."

"Ni kike kira?" in ji yarinyar daga bayana.

"A'a, 'yata, da ita nake." Selina ta nuna ni da biro.

"Ai sunana ne."

Selina ta dube ta, ta dube ni, fuskarta ta washe. "Kai, ashe 'yarki ce. Ga kamar nan. Sunanki kika sa mata?"

"Sunanta Hannatu," in ji yarinyar a hankali.

Selina ta sauke tabarau kan hancinta ta ƙare min kallo. Mace ce mai hankali, ba ta ƙara tambaya ba. Na ce ta ba mu babba, irin wadda na saba. Ta ɗauki takarda, ta ɗora biro a kai, ta tsaya tana jira kamar yadda ta saba jira duk Alhamis. Ga damar da na shirya ta zo. Amma Yaya tana gefen kafaɗata, ina jin ƙarar carbinta, sai harshena ya yi nauyi. Na tsaya ina kallon kwalbar barkono. Da Selina ta ga shirun ya yi yawa, ta rubuta da kanta ta miƙa wa Jerome.

Muka zauna a teburin lungu, ni da Yaya a gefe ɗaya, yarinyar tana fuskantarmu. Yaya ta ji sunan sarai, ta kuma ga wadda aka nuna da biro. Ta gyara mayafi ta buɗe min hanyar tsira.

"Mutanen nan ba sa bambance mu. Ruɗewa ta yi, ko Hannatu?"

Da na ce e, da an wuce wurin. Amma na tsani a yi min ƙarya, na fi tsanar a yi ta a madadina.

"Ba ruɗewa ta yi ba. Ni na ba su."

"Da bakinki?"

"Da bakina. Duk Alhamis, shekara shida."

Yaya ta yi salati ta dafe ƙirji. Ni ba ita nake kallo ba, yarinyar nake kallo. A raina na ɗauka za ta yi laushi. Na ɗauka za ta ga uwarta tana tuƙo mota har wani ƙauye tana cin abin da ba ta so, don kawai ta ɗanɗana sunanta, ta ce to, ashe haka ne. Sai na ga fuskarta ta ƙara ɗaurewa.

"Shekara shida," ta ce. "Matar can ta ji. Mai dafa abinci ya ji. Mutumin can mai farar riga ma na ga ya gaishe ki da shi." Ta dube ni ido cikin ido. "Ni duk zatona ba kya iyawa ne, Mama. Da haka nake ba kaina haƙuri. Ashe kina iyawa. Ni ce dai ba za a faɗa wa ba."

Ta ajiye makullin mota a kan ledar tebur, ta tura min shi.

"Ku ci abincinku. Zan kira mota."

Ta miƙe ta rataya jaka. Na yunƙura, Yaya ta danne min cinya da hannu, ta sassauta murya.

"Zauna. Bar ta, za ta huce. Wanda kika yi a ɓoye kin yi, Allah ya rufa asiri, ni ba zan kai shi Kano ba. Amma kada ki ƙara, kada kuma ki bi 'ya a guje a gaban mutane." Ta girgiza kai. "Da kun bar min ita tun yaye, da duk ba a zo nan ba."

Wannan maganar ce ta tunzura ni, don gaskiya ce. Na tuna gidanmu na Yakasai. Kakata Inna tana kirana tun daga zaure, tana yi wa sunana waƙa in tana min kitso. Gwaggwannina huɗu, kowacce da irin kiran da take min. Rana ba ta faɗuwa sai an kira Hannatu sau hamsin a gidan nan, in ci wannan, in karɓi wancan, in zo a ga sabon zanena. Ban taɓa lura da bakin mutum ɗaya da ya yi shiru ba.

Na ɗauke hannunta daga cinyata.

"Gaskiyarki, Yaya. Uwata ta yi min shiru ne don gidan cike yake da masu kirana. Wannan wa ta samu? Ni da ƙanenki, mu biyu, kowa ya kulle baki. Mun ɗauko shirun mun taho da shi, mun baro masu kiran a Kano. Ke kina can kina yaba kunyata a waya, yarinya tana nan tana shan ta ita kaɗai."

"Hannatu, ni kike faɗa wa haka?"

"Ke nake faɗa wa, Yaya, ki yi haƙuri. Asirin ma ba na so a rufa. Ki kai Kano, ki ƙara masa gishiri."

Na miƙe. Yarinyar ta kai bakin ƙofa, ta ja ta, ƙararrawar ta kaɗa.

"Ke," na ce.

Sabo ne ya riga ni. Ko waiwaye ba ta yi ba, kuma da ni ce ita, ni ma ba zan waiwaya ba.

Daidai lokacin Jerome ya leƙo ta taga da faranti a hannu ɗaya, 'yar takardar a ɗayan, wuƙa mai jan zare a gefe. Na ga ya ja numfashi zai ƙwala kiran. Na ɗaga masa hannu.

"Bar shi, Jerome. Yau ni zan kira."

Ya rufe baki. Ban san me mutanen shagon suka gani a fuskata ba, amma har yaran nan masu rigunan ƙwallo sun yi tsit. Ina jin idon Yaya a ƙeyata, ina jin na uwata ma, Allah ya jiƙanta. Na ji kunya, ba zan ce ban ji ba, kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake. Na dafa tebur.

"Tayyiba."

Bai fita da kyau ba, a shaƙe ya fito. Amma ta tsaya, ƙafa ɗaya a waje, hannunta a kan ƙofa. Na gyara murya na sake, wannan karon yadda mai aski zai ji ko da yana shagonsa.

"Tayyiba! Abinci ya sauka. Zo ki zauna kafin ya huce."

Ta daɗe a tsaye ta ba mu baya. Wata mota ta wuce a titi. Sannan ta saki ƙofar ta juyo, fuskar nan jage-jage da hawaye, ta buɗe baki. Na shirya jin Turanci, don shekara ashirin shi nake ji.

"Na'am," ta ce. "Na'am, Mama."

Jerome da kansa ya fito da farantin ya ajiye mana, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba, ya yanka da wuƙata ya koma kicin. Yaya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya tana kallon hotunan 'yan ƙwallo a bango. Na zuba mata yanka biyu a faranti na tura gabanta, ko kallonsu ba ta yi ba, ruwa ma ba ta sha ba. Ban roƙe ta ba.

Na fito da kwalbar yaji na barbaɗa wa Tayyiba, na barbaɗa wa kaina. Ta ci yanka huɗu tana shan majina, cuku yana bin haɓarta kamar tana 'yar shekara shida. Selina ta zo ta ajiye mana ruwa kofi biyu. Wannan karon ta san ba barkono ba ne, amma ta kawo.

"Sake faɗa," in ji Tayyiba, da Hausarta mai tsami.

"Kada ki mayar da ni rediyo."

"Mama."

"Tayyiba, goge bakinki."

Yaya ta yi wani dogon tsaki daga cikin mayafi. Tayyiba ta goge bakin, ta ɗauki yanka na biyar, ta tambaya kamar ba komai ba ko sallar bana Juma'a za ta kama ko Asabar, don ta san ranar da za ta nema a wajen aiki.

Yaya ta cika alkawarin da na ɗora mata. Kafin mu isa Laurel saƙon muryarta ya isa Kano, ina jin ta a kujerar gaba tana yi, ba ta ma rage murya ba. Washegari, muna dawowa daga filin jirgi, wayoyi suka fara shigowa. Wata ƙanwar surukata ta ce ta ji wani zance amma ba ta yarda ba. Na ce ta yarda, na faɗa, sau uku ma, a gaban mai aski, akwai wani abu? Ta ce babu. Baban Fahad kuwa na ga kwana biyu yana kallona ta gefen ido. Na san an sauke ni daga kujerar mai kunyar dangi, kuma ban ji daɗi ba, don na daɗe a kanta. Amma ko za a mayar da ni yau ba zan hau ba.

Alhamis ta zagayo. Na gama da wani tsoho mai taurin kai da ya ɓoye min gishiri a aljihun kujera, na biya shagon Jerome. Babu kowa sai masu gyaran titi. Selina ta sauke tabarau, ta ɗauki takarda, ta ɗora biro, ta tsaya tana kallona.

"To, yau wane suna zan rubuta?"

"Rubuta Hannatu," na ce. "Wancan yana da mai shi, kuma tana amsawa."